Mai Allurar Gilashi

Yayata ta shiga wata cibiyar binciken kimiyya ne a matsayin mai wanke kwalabe. Ita ce ta fari a gidanmu, ni ce ta biyar, shekara goma sha ɗaya ne tsakaninmu. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, amma ba ta wuce nan ba, domin a shekarar ne mahaifiyarmu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Yaya ta tsaya a kanmu. Sai da ta ga autanmu ya iya wanke wa kansa kaya sannan ta yi aure, ta auri wani direban bas mai yawan dariya, ta kuma fita neman aiki tana da shekara ashirin da tara.

Ɗakin gwaje-gwajen da aka kai ta yana hawa na uku. Aikinta a bayan ƙofa yake, wurin famfo: ta wanke kwalba da sabulu, ta ɗauraye sau bakwai da ruwan famfo, sau uku da tataccen ruwa, ta kife a kan kanta. Kafin ta yi wata shida fatar hannunta duk ta tsattsage. Mai ɗakin wani dattijon farfesa ne, siriri, marar yawan magana. A bayan idonsa ma'aikata suna ce masa Sake-Yi, saboda ko me ka kai masa, komai kyansa, zai duba ya ce, "Ya yi kyau. Sake yi." Akwai kuma mai gyaran na'urori, wani mai tumbi da kowa ke kira Injiniya, wanda aljihun rigarsa ba ya rabuwa da sukundireba da alewa.

A ɗakin ana amfani da wata irin allura ta gilashi. Ana ɗaukar siririn bututun gilashi, a sa a na'ura, ta gasa tsakiyarsa ta ja shi har ya tsinke gida biyu, kowane da baki mai tsini wanda ido ba ya iya ganin raminsa. Masu bincike kan ja ashirin su zubar da sha biyar. Yaya ce ke kwashe na zubarwa, kuma ita ba ta iya riƙe abu a hannu ba tare da ta dube shi ba. A hankali ta lura cewa waɗanda aka ja da sassafe, kafin na'urar sanyaya ɗaki ta kama, sun fi dogon wuya, na bayan azahar kuma gajeru ne masu kauri. Ta yi sati uku tana jera su a kan takarda, tana rubuta lokacin kowace, kafin ta yi ƙarfin halin nuna wa Injiniya.

Injiniya ya duba, ya tauna alewarsa, ya ce, "Ke, wa ya sa ki wannan?"

Ta ce, "Ba kowa. Idan laifi ne in zubar."

Ya ɗauki takardar ya shige ofishin Farfesa. Can sai ga su sun fito tare. Farfesa ya tsaya a gabanta, wannan ne karo na farko da ya yi mata maganar da ta wuce gaisuwa, ya ce ta goge hannunta ta ja masa allura goma. Ta ja. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya a madubin ƙara girma, ya ɗago kai ya ce, "Sun yi kyau. Sake yi." Tun daga ranar aka ɗauko wani ya gaje ta a wurin famfo, ita kuma ta zama Mai Allura. Har yau da wannan sunan ake kiranta, har a wasiƙun ofis.

Ni a lokacin na fara koyarwa a firamare. Wata Asabar na je gidanta, muna kicin, na ce, "Yaya, wai don Allah me kuke yi a wurin nan? Kullum allura, allura, ko tela bai kai ku ba."

Ta yanko ɗan guntun barkono ta miƙo mini. Na ɗora a harshe, na fara shan iska.

Ta ce, "Me kika ji?"

Na ce, "Zafi mana."

"To taɓa barkonon. Yana da zafi?"

Na taɓa, sanyi ƙalau, daga firji ma ta ɗauko shi. Sai ta ja kujera ta zaunar da ni kamar ɗalibarta. Ta ce a fatar mutum da harshensa akwai ƙananan jijiyoyi, kowace jijiya kuma tana lulluɓe da wani tantani. A jikin tantanin akwai 'yan ƙofofi, ƙanana ƙwarai, kowace an haɗa ta da ɓangare huɗu da rami a tsakiya. A wajen tantanin akwai ruwa mai gishiri, ƙwayoyin gishirin nan kuma suna ɗauke da lantarki. Muddin ƙofa tana rufe, suna nan a waje. Da zarar ta buɗe sai su kwararo ciki, jijiya ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo.

Ta ce, "Akwai wata irin ƙofa da ba ta buɗewa sosai sai zafi ya kai wajen digiri arba'in da uku, daidai inda abu ke fara ƙona mutum. Amma barkono yana da wani sinadari da ke buɗe ta ko babu zafi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta san wanda ya buɗe ba, ita dai an ce mata wuta. Akwai wata kuma da sanyi ke buɗewa, ita alewar minti ce ke yaudararta."

Na ce, "To ina allura ta shigo?"

Ta ce da bakin allurar ake taɓa tantanin ƙwayar jijiya guda a ƙarƙashin madubi, sannan a ɗan tsotsa ta wani siririn tiyo, da baki, a hankali, har tantanin ya manne da gilashin ya toshe ko'ina. Idan an yi sa'a, a cikin ɗan wurin da aka kama akwai ƙofa ɗaya tak. Lantarkin da ke wucewa ta cikinta zai bayyana a allon kwamfuta: layi a miƙe idan tana rufe, ya faɗa ƙasa kamar matakala idan ta buɗe.

Na ce, "Kin taɓa yi?"

Ta goge wuƙa ta ce, "Ba a ba ni ba tukuna."

Ta roƙi Farfesa sau biyu, ya ce ta tsaya a kan abin da ta iya. Na uku bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce ragowar ƙwayoyin da aka gama aiki da su ba su da mai su. Yaya ta ɗauki wannan a matsayin izini. Kullum da rana, lokacin da kowa ya sauka cin abinci, sai ta zauna a gaban madubi da burodinta a jaka. Da farko allurar takan huda ƙwayar ta fashe. Daga baya ta iya taɓawa amma tsotsonta ya yi ƙarfi. Wani lokaci komai ya yi daidai, sai wani ya buga ƙofar ɗaki, ko babbar mota ta wuce a titi, aikin ya wargaje. Ta daina shan shayi da safe don kada hannunta ya yi rawa. Maigidanta ya riƙa tsokanarta, yana cewa shi bai taɓa ganin wanda ke farautar abin da ba ya gani ba, kuma ko ya kama ba a ci. Wata bakwai ta yi a haka. Ranar da ta fara ganin matakalar nan a allo, ta ce mini ba ta iya kiran kowa ba, don tiyo yana bakinta, sai hawaye da ke sauka a kan hannun rigarta.

Bayan shekara biyu ta zama tana cikin waɗanda suka fi kowa iya kamu a ɗakin. Amma akwai wata matsala da ta hana su sakat. Suna iya buɗe ƙofar da sinadarin barkono su kalle ta yadda suke so. Abin da Farfesa ke nema shi ne ya ga zafi da kansa yana buɗe ta, digiri bayan digiri. Sai dai duk lokacin da aka ɗumama ɗan farantin da ƙwayoyin ke ciki, kafin a kai talatin da takwas mannewar ta saki, layin allo ya rikice. Mutum uku suka gwada suka haƙura. Farfesa ya fara maganar a ajiye wannan a koma wani abu.

A daidai wannan lokacin ne ciwon Babanmu ya taso. Baba mai guga ne, shekara arba'in yana tsaye a kan dutsen guga, mutumin da kan gwada zafin ƙarfe da tafin hannu. Wani ƙurji ya feso masa a haƙarƙari, aka yi magani ya bushe, amma wurin ya ƙi lafawa. Ruwan wankan da muka ji ɗumi-ɗumi, shi idan ya taɓa wurin sai ya yi tsalle ya ce an zuba masa tafasasshe. Likita ya duba ya ce fata ta warke, ya rubuta ƙwayoyi. 'Yan uwa suka fara ƙus-ƙus. Wata goggonmu ta faɗa a gabansa cewa tsufa ne ya zo masa da raki. Daga ranar Baba ya daina faɗa wa kowa. Sai dai mu ga ya shiga banɗaki ya daɗe, ya fito yana cije leɓe.

Yaya ta same shi wata rana da yamma yana zaune ya ɗage riga daga jikinsa da yatsu biyu. Ta ce, "Baba, har yanzu?"

Ya ce, "Bar shi kawai, uwata. Wataƙila gaskiyarsu ce, a kaina abin yake."

Washegari ta shiga ofishin Farfesa ba tare da an kira ta ba. Ta ce ya ba ta wata uku a kan maganar zafin nan kafin a rufe ta. Ya tambaye ta abin da take da shi wanda sauran ba su da shi. Ta ce ba ta da komai tukuna, amma ba ta gaji ba, su kuwa sun gaji. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ta je ta gwada.

Satin farko ba ta kama ƙwaya ko ɗaya ba. Ta sa allura kawai a cikin ruwa, ta ɗumama farantin, ta zuba wa bakin allurar ido. A nan ta ga abin: yayin da zafi ke hawa, allurar tana gusawa kaɗan-kaɗan, tafiyar da ba ta kai kaurin gashi ba, amma ga ƙwaya wannan tafiya ce mai nisa. Farantin da abin riƙe allurar ne ke buɗewa da zafi, kamar yadda murfin kwalba ke sakin jiki idan an zuba masa ruwan zafi. Ta je wa Injiniya da shawara. Ta ce a daina ɗumama faranti duka, a kawo ruwan zafi ta wani siririn bututu ya zuba a kan ƙwaya ɗaya kawai.

Injiniya ya ce, "Da bakinki kamar da sauƙi."

Ita ta ja bututun, shi ya naɗa masa waya siririya kamar zare don ta gasa ruwan a hanya. Na farko ya tsage. Na biyu ya riƙa fitar da kumfa, kumfa ɗaya kuwa ta isa ta tsinke kamu. Suka gano sai an fara tafasa ruwan an huce kafin a zuba. Na biyar ya yi aiki, ruwa ya fito daidai zafin da ake so, allura ba ta motsa ba, amma da an kunna wayar sai layin allo ya cika da wani irin zane kamar haƙoran zarto, ya rufe komai. Injiniya ya ce wutar bango ce ke kawo wannan, domin tana kai da komo, na'urar kuma jinta ya yi yawa. Suka naɗe wayar da takardar ƙarfe, suka sauya wuri, duk a banza. Wata biyu da rabi suka wuce.

Maigidanta ne ya warware, ba da niyya ba. Tana ba shi labari yana wanke hannu da ya dawo daga gareji, sai ya ce, "To ku da wutar bango dole ne? Ni rediyon motata ba ya wannan kukan." Ta tsaya da cokali a hannu. Da safe sai ga shi ya hau bene hawa uku da batirin bas a kafaɗa, yana haki, yana gaida masu fararen riguna ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya ga batir ya dafe kai ya ce, "Shekara talatin ina wannan aiki, direba ya zo ya koya mini."

Ranar Laraba ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ta samu kamu mai kyau da ƙofa ɗaya a ciki. Injiniya yana murɗa maɓalli yana kiran lamba. Talatin, layi a miƙe. Talatin da biyar, a miƙe, sai can ba a rasa ba ya ɗan faɗa ya dawo. Arba'in, ya fara faɗawa akai-akai. Da suka haye arba'in da uku sai ƙofar ta shiga buɗewa da rufewa ba ƙaƙƙautawa, zamanta a buɗe ya fi zamanta a rufe. Suka sauke zafin, ta lafa, layin ya koma ya miƙe. Kamun bai saki ba.

Aka kira Farfesa. Ya zauna a kujerarta, abin da bai taɓa yi ba, ya sa aka maimaita sau uku yana kallo. Yaya ta ce mini abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ƙofar ba kamar ta ɗaki ba ce, da za a ce ko a buɗe take ko a rufe shi ke nan. Kullum cikin motsi take, zafi kawai yana sauya inda ta fi daɗewa ne. Farfesa ya tashi, ya gyara tabarau. Injiniya ya riga shi, ya ce, "Mun sani, ranka ya daɗe. Za mu sake yi." Har Farfesa sai da ya yi dariya.

Sun sake yi sau sittin da wani abu. Daga nan Yaya ta nemi a gwada abin da ke ranta tun farko. An san cewa inda jiki ya kumbura ko ya ji rauni, ruwan wurin yakan ɗan yi tsami, wasu sinadarai kuma sukan taru. Ta zuba irin wannan ruwan a kan ƙwaya, Injiniya ya fara ɗaga zafi. Ba su kai ko talatin da shida ba ƙofar ta fara rawar da a da sai a arba'in da uku take yi. Ɗumin jikin mutum kansa ya isa ya buɗe ta.

Ta buga hoton layukan biyu a takarda, ta kai wa Baba. Ina wurin. Ta shimfiɗa a kan cinyarsa ta nuna masa da yatsa: wannan lafiyayyar ƙofa ce, wannan kuma wadda ta sha wahala, ga inda kowace ke fara ihu.

Ta ce, "Baba, ba zan ce maka wannan ne ciwonka daidai ba, ni ba likita ba ce, kuma ba naka jikin na auna ba. Amma na gani da idona, jijiya tana iya cewa wuta a inda wani ke jin ɗumi. Ba ƙarya take yi ba, ba kuma raki ba ne."

Baba ya daɗe yana kallon takardar, a juye ma ya riƙe ta. Sannan ya ce, "Ashe ma'aunina ne ya lalace, kamar tsohon dutsen gugana." Ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya ce idan goggonmu ta zo shi da kansa zai karanta mata.

Takardar ba ta warkar da shi ba. Amma ya koma faɗa mana idan abin ya motsa, ya yarda aka mai da shi wurin wani likitan jijiya wanda ya sauya masa magani, Yaya kuma ta sayo ma'aunin zafi na ruwa ta rataye a banɗaki, ta gano iyakar da yake iya ɗauka. Ya rayu shekara huɗu bayan nan, yana wanka ba fargaba.

Da aka buga sakamakon binciken, sunanta ne na uku a jerin masu aikin. Ba ta ɗauki abin da girma ba, ta ce an yi kuskuren harafi ɗaya ma a ciki. Abin da ya fi damunta shi ne ba ta iya karanta rabin lissafin da ke takardar ba. Saboda haka daga baya, tana da shekara arba'in da shida ta shiga karatun ƙarshen mako, tana zama aji ɗaya da sa'o'in 'yarta. Ta faɗi jarrabawar lissafi sau ɗaya, ta maimaita, ta ci.

Yanzu tana da hamsin da tara. Farfesa ya rasu, wata tsohuwar ɗalibarsa ce ke riƙe da ɗakin. Hannun hagun Yaya ya fara ɗan rawa, saboda haka takan jingina gwiwar hannun a kan naɗaɗɗen tawul kafin ta taɓa allura. Baɗi za ta ajiye aiki. Watan jiya na biya ta wurinta in karɓi wasu takardu, na tarar da ita da wani dogon jeri manne a bango. Ta ce har yau ba a gama sanin wane sashe ne na ƙofar ke jin zafin ba, ko ma ba sashe ɗaya ba ne, duk jikinta ne ke sauya zama. Don haka aka ƙera ƙofofi arba'in, kowace an canza mata ɗan guntu ɗaya, ana ɗumama su a ga wadda za ta daina ji.

Na ce, "Nawa kika yi?"

Ta ce, "Ashirin da shida."

"Idan lokaci ya cika ba ki gama ba fa? Ai wasu za su ƙarasa."

Ta ɗago daga madubi ta harare ni, irin hararar da take mini tun ina 'yar firamare. Ta ce, "Sha huɗu ne fa kawai. Matsa daga jikin teburin nan, kina girgiza mini."

Na matsa. Ta mayar da tiyo bakinta ta sunkuya.